Gayya, Asusu da Inuwar Sarki: Abin da Ya Riƙe Garuruwanmu Cikin Shekara Ɗari

  

 

Gabatarwa

Kwamitin shirya wannan biki na cikar sarautarmu shekara ɗari ya ɗora mini nauyin yin magana a kan zaman jama'a da ƙungiyoyin da ke cikin garuruwanmu. Salsalar sarakuna da tarihin gidan sarauta, waɗanda suka fi ni saninsu za su faɗe su. Nawa rabon shi ne in dubi talakawan da sarautar take bisa kansu: yadda suke haɗa kai, abin da ya sa wata ƙungiya take rayuwa shekara da shekaru, wata kuma ta mutu tun tawadar takardarta ba ta bushe ba. Zan ɗauko misalaina daga ƙasashen Agye, Gazawa da Gidan Rumji, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da na fahimta a wannan waiwaye guda ɗaya ne. Ƙungiyar da ta ɗore a ƙasar nan ita ce wadda mutanen gari suka zuba abinsu a ciki, suka yi mata doka da bakinsu, suke ƙirga dukiyarta a bainar jama'a, sarki kuma ya tsaya mata a matsayin shaida da inuwa.

Ƙasar da tarihinta

Garuruwan nan namu a jere suke bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, daga Gidan Rumji da Tsibiri a yamma, a ratsa Maraɗi, a faɗa Cadawa da Agye da Gazawa, kafin a isa Tasawa. Amma sun riga kwalta da nisa. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, Alƙalawa kuma a 1808, gidajen sarautun biyu suka yiwo arewa. Ɗan Kasawa ya kafa Maraɗi wajen 1819, Sarkin Gobir Mayaƙi kuma ya zauna Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Daga nan ƙasar ta zama bakin daga na tsawon shekaru. Baturen nan matafiyi ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya bi ta Gazawa a watan Janairu na 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Katsina, ya tarar da garin kewaye da kafi da gwalalo mai zurfi saboda tsoron hari.

Sai mu tambayi kanmu, wa ya haƙa wannan gwalalo, wa ya saro itacen kafin? Babu ɗan kwangila a wancan zamani. Sarki ya yi kira, an buga ganga, kowace unguwa ta fito ta kama nata ɓangaren. Wannan shi ne tushen kowace ƙungiya a ƙasar Hausa: buƙatar da ta fi ƙarfin gida ɗaya, da mutanen da suka yarda cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tsarin da muka gada

Kafin a san wata takardar rajista, garin Bahaushe a tsare yake. Gida yana da gandu ƙarƙashin maigida, mata da samari kuma suna da gamanarsu da suke nomawa a ranakun da aka ware musu. In aiki ya fi ƙarfin gida, sai a kira gayya: mai gona ya tanadi fura da tuwo, makaɗa su zo, a nome a wuni ɗaya abin da zai ci mako. Babu wanda ake biya, amma kowa ya san bashi ne, ranar da maƙwabci ya kira tasa dole a je. Wanda ya saba ƙin fita gayya, ranar da jinkarsa ta faɗi zai ga sakamako.

Kowace sana'a kuma da shugabanta: Sarkin Noma, Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aski, Sarkin Kasuwa. Su ke raba gardama tsakanin ƴan sana'arsu kafin magana ta kai fada. Samari suna da Sarkin Samari. Mata suna da Magajiya, a Gobir ga Inna, a Maraɗi ga Iya, kowacce da faɗa-a-ji. Makiyaya suna da Ruga da Garso masu tsara tafiyar dabbobi. Tsakanin mata kuma ga adashe, ga biki, inda abin da kika kai wa ƙawarki ranar sunan ɗanta yake dawo miki da ƙari ranar auren ɗiyarki. Ba a rubuta ko ɗaya cikin waɗannan dokoki ba, amma kowa ya san hakkinsa, ya san hukuncin wanda ya saɓa, ya kuma san ƙofar da zai kai kuka.

Ƙungiyoyin da aka sauko mana da su

Da Turawan Faransa suka kafu, Nijar ta zama ƙasar mulkin mallaka a 1922, sai aka shiga wani sabon salo, wato ƙungiyar da hukuma ke yankawa ta ɗinka ta sa wa talaka. Kakanninmu sun riga sun ɗanɗani yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Bayan yunwar 1931 kuma, kumandoji suka matsa a kan rumbun tsimi na dole: kowane gida ya zuba hatsi a kaka, a rufe, ba a buɗewa sai da izinin hukuma. A takarda shawara ce mai kyau. A aikace talaka ya ɗauke ta wani haraji ne na biyu, domin hatsin nasa ne amma mabuɗin ba ya hannunsa. Shi ya sa lokacin da siyasa ta buɗe a 1946, shekarar da aka soke aikin tilas, rumbunan nan suna cikin abubuwan da jama'a suka fi kuka da su.

Bayan samun mulkin kai a 1960, zamanin gujiya ya kawo nasa tsarin. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA domin cinikin gujiya, da hukumar UNCC domin bashi da ƙungiyoyin manoma. An samu amfani: manoma sun koyi riƙon sikeli da lissafin kasuwa, an samu iri da kayan aiki. Sai dai da farin 1973 da 1974 ya zo, cuta kuma ta faɗa wa gujiya a 1975, ƙungiyoyin da yawa suka kwanta tare da amfanin gonar da aka gina su a kansa.

Marigayi Shugaba Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki a 1974, ya ɗauko tsohuwar samariya ya ba ta sabon rai, aka kuma kafa Ƙungiyar Matan Nijar a 1975. Duk wanda ya kai shekara hamsin a wurin nan ya ga aikin samariya da idonsa: azuzuwan lakwal da aka gina da tubalin gayya, rijiyoyin da aka yashe, titunan da aka share, itatuwan da aka dasa, wasanni da kokawa. Samariya ta yi ƙarfi domin ta tarar da saiwa a ƙasa. Amma da yake igiyarta tana hannun gwamnati, bayan rasuwar Kunce a 1987 da Babban Taron Ƙasa na 1991, sai ta yi sanyi, siyasar jam'iyyu ta raba samarin da jiya suke cuɗa ƙasa wuri ɗaya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Uku da suka tsaya da ƙafafunsu

Yanzu bari mu dubi waɗanda suka ɗore. Ta farko ita ce Mata Masu Dubara. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wannan tsari a ƙauyukan jahar nan ta Maraɗi, bisa harsashin adashen da iyayenmu mata suka sani tun fil'azal. Mata ashirin da biyar ko talatin su haɗu, su zaɓi shugabanninsu, su yanke abin da kowacce za ta riƙa zubawa a mako, ko da dala ashirin ce. Kuɗin yana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku dabam-dabam, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Mai buƙata ta ranta ta ja jarin ƙuli-ƙuli ko ta sayi ɗan akuya, ta mayar a kan wa'adi. Wadda ta makara ko ta ƙi zuwa taro akwai tararta. In zagaye ya cika a fasa asusu, kowacce ta ɗauki rabonta. Ba a kawo musu ko dala daga waje ba, horo kawai aka ba su. Yau wannan dubara da ta tashi daga ƙarƙashin itatuwanmu ta bazu a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane suna aiki da ita. Daga cikin matan da suka koyi magana a taron asusu, an samu waɗanda suka tsaya takara tun daga zaɓen ƙananan hukumomi na 2004.

Ta biyu ita ce ta sassaben zamani. Dattawa suna tune da yadda gonakinmu suka koma fili fetal a shekarun 1980, iska tana binne shuka, manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya, mata kuma suna dafa tuwo da kara da kashin shanu. A 1983 wani ma'aikacin mishan ta SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo ɗan ƙasar Ostareliya, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace bazara suna da rai, in aka bar musu reshe biyu ko uku aka gyara za su koma itace. Yunwar 1984, wadda jama'a suka laƙaba wa El Buhari, ta sa mutane da yawa suka gwada. Amma barin itace a gona abu ne mai sauƙi, tsare shi daga gatarin dare shi ne aiki. A nan ne mutanen Ɗan Saga, a ƙasar Agye, suka yi abin koyi. Tare da tallafin shirin raya karkara na asusun FIDA, suka kafa kwamitin sa ido wanda ya ƙunshi manoma da mata da makiyaya, suka yi doka a kan wanda ya sari itacen da ba nasa ba, masu gari kuma suka tsaya bayan hukuncin. Gawo da kalgo da sabara da aduwa suka dawo. Masana da suka auna da hotunan sama sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ta sake yin itace a kudancin Nijar, akasari a jahohin Maraɗi da Damagaram. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi hakkin itacen da ya raina a gonarsa, wato doka ta biyo sawun abin da ƙauye ya riga ya yi.

Ta uku ita ce ta fi ba ni sha'awa, domin ta mayar da mu ga rumbun tsimi. Bayan matsalar cimaka ta 2005, wadda ta fi tsanani a jahar nan, shirin PPILDA na Agye ya taimaka aka kafa rumbunan da mata ke riƙewa. A tsakiyar damina, lokacin da hatsi ya ƙare a gida kuma tiya ta yi tsada a kasuwa, sai a buɗe a ranta wa iyali, su biya da hatsi in kaka ta yi. Ta haka magidanci yake samun damar tsayawa ya nome gonarsa, maimakon ya tafi ƙwadago a ta wani. Ku duba, ranku ya daɗe: rumbu iri ɗaya ne da na kumanda, hatsi iri ɗaya, manufa iri ɗaya. Abin da ya canza shi ne hannun da ke riƙe da mabuɗi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Darasin da aka biya da jini

Ba zai yiwu a yi maganar zaman jama'a a wannan yanki a tsallake Toda ba. A watan Oktoba na 1991, rikici tsakanin manoma da makiyaya a wannan ƙauye na ƙasar Gidan Rumji ya ci rayukan mutum fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara. Allah ya jiƙansu, ya sa kada mu sake ganin irinsa. Ban ambaci wannan don tayar da miki ba. Na ambace shi domin mu tuna cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda aka cinye burtali, aka shuke bakin rijiya, aka rasa wurin da Ruga da Sarkin Noma za su zauna kafin a yi ɓarna, to ƙaramar gardama tana iya zama gobara.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta buɗe hanyar kafa kwamitocin filaye, waɗanda daga baya suka sauko har matakin ƙauye, inda mai gari yake shugabanta, manoma da makiyaya da mata da samari kuma suke da kujeru. Aikinsu shi ne shaida saye da sayarwa, da kyauta, da aro, da jinginar gona, a rubuta a ba kowa takardarsa, a kuma tsare burtali da makiyaya da mashaya. Doka ta bar wa sarakuna ikon sulhu a kan rikicin gona kafin a je gaban alƙali. Wannan babbar amana ce. Inda kwamitin yake zama da gaske, gardama tana mutuwa tun tana ƙarama. Inda kuwa ya zama suna a takarda, ko aka mai da shi wurin karɓar goro, to an gina rikici an ajiye wa jikoki.

Abin da ke gabanmu

Ƙidayar 1988 ta samu mutum kusan miliyan 1.4 a jahar Maraɗi. Ta 2012 ta samu miliyan 3.4. Yawan jama'a yana cikin dalilan da suka sa ake ta ƙara kusanto da hukuma, kamar yadda Gazawa ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011 bayan an cire ta daga Agye. Amma mutane ne ke ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabonta. In gona ta ƙuntata, gamanar mace ce ake fara karɓewa, sai ta saurayi. Matar da ba ta da abin nomawa, da me za ta zuba asusu? Saurayin da ba shi da fili, me zai tsayar da shi bayan kaka? Shi ya sa motoci ke cika zuwa Kano da Legas da Agadas da Libiya, wasu su dawo, wasu sai labari.

Waɗanda suka rage kuwa suna zaune a fada-fada, kowace da sunanta da butar shayinta. Mutane da yawa suna yi musu kallon zaman kashe wando. Ni ina ganin fada ita ce samariyar wannan zamani da ba a riga an ba ta aiki ba. Tana da shugaba, tana da karo-karo, tana tsaya wa ɗanta ranar aure da ranar rashin lafiya. Duk abin da ake nema ga ƙungiya tana da shi.

Ga kuma matsalar tsaro a bakin iyaka. Tun daga 2019 dubban ƴan'uwanmu daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako ƙasar Gidan Rumji suna gudun ƴan bindiga. Kafin motar agaji ta farko ta iso, kafin a tsugunar da wasunsu a wurare irin su Cadakori da Garin Kaka, masu gari da talakawa ne suka buɗe musu zaure da rumbu, aka raba tiya ɗaya gida biyu. Babu wanda ya ba da wannan umarni daga Yamai. Tsohuwar tarbiyyar nan ce ta gayya ta motsa, kuma ya kamata a rubuta ta cikin tarihin wannan ƙarni.

Roƙo

Ranka ya daɗe, bisa ga abin da ya gabata, ina gabatar da roƙo huɗu.

Na farko, ga fada: a sa rana ɗaya kowace shekara, bayan kaka kafin a saki gonaki, da kowace ƙungiya ta ƙasar nan za ta zo gaban Sarki ta faɗi abin da ta tara, da abin da ta kashe, da abin da ya rage. Fada ta saurara ta shaida, amma kada ta riƙe wa kowa akwati. Darajar mai sulhu tana cikin tsabtar hannunsa.

Na biyu, ga masu gari da kwamitocin filaye: a rubuta kowace jingina da kowane aro tun masu shaida suna da rai, a zaga burtali tare da Ruga kafin ruwan shuka, a kuma ba mace gādonta na gona kamar yadda shari'ar Musulunci ta yanka mata. In ƙungiyar mata ta nemi fili, a ba ta da takarda.

Na uku, ga samari: kowace fada ta ɗauki aiki ɗaya na gari da za a san ta da shi, ko yashe magudanar ruwa, ko gyaran maƙabarta, ko tsaron itatuwan lakwal. Wanda ya ɗauki kaya shi ake ba wurin zama a majalisa.

Na huɗu, ga ƴaƴan ƙasar nan da ke Yamai da Maraɗi da ƙasashen waje, da kuma masu kawo mana tallafi: kafin ku kafa sabon kwamiti, ku tambayi wanda ke akwai. Ku ƙarfafa wanda kuka tarar, ku bar mabuɗi a hannun masu abu. Zumunta a ƙafa take, kada sai ranar biki ko ranar zaɓe za a gan ku.

Kammalawa

Hausawa suna cewa sarki goma, zamani goma. Cikin shekara ɗari wannan sarauta ta ga kumanda, ta ga jam'iyya ɗaya, ta ga soja, ta ga jam'iyyu barkatai, ta ga fari da fara da ambaliya. Abin da ya sa take nan daram shi ne jama'ar da ke ƙarƙashinta ba su daina haɗa hannu ba, ita kuma ba ta daina zama wurin da ake kawo kuka ba. Waɗanda za su taru a nan bayan wata shekara ɗari za su auna mu da rijiyar da muka bari da ruwa, da gawon da muka bari a gona, da burtalin da muka bari a buɗe.

Allah ya jiƙan sarakunan da suka gabata, ya kai haske kabarinsu. Allah ya ƙara wa Mai martaba lafiya da adalci da tsawon kwana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu Nijar da maƙwabtanta lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.